ABINCIN SARKI: INDA MAI BI YAKE CEWA A'A

  Ko kana hutawa bayan aikin gona, ko kina bakin murhu, ko kana kwance a asibiti an ajiye maka rediyo kusa da kai, salamar Allah ta kasance tare da kai. Karatunmu na yau yana cikin Littafin Daniyel sura 1, za mu kuma leƙa sura 3 da sura 6, da Romawa sura 12 aya 1 da 2. In kana da Littafi Mai Tsarki kusa, sai ka buɗe mu bi tare.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka buɗe kunnuwanmu mu ji, ka buɗe zukatanmu mu karɓa, ka ba mu ƙarfin aikata abin da muka ji. Cikin sunan Yesu. Amin.

Hausawa sukan ce, in ka je gari ka tarar kowa da wutsiya, kai ma ka nemi taka ka ɗaura. Akwai hikima a cikin wannan magana, gama baƙon da ya raina al'adar gari ba zai ji daɗin zama ba. Amma ɗan'uwana, in wutsiyar nan zunubi ce fa? In kowa a ofishinku yana karɓar cin hanci, in kowa a layinku na kasuwa yana awo da mudun da aka buga gindinsa, kai ma sai ka nemi naka? Wannan ita ce tambayar da ke gabanmu yau, ita ce kuma ta sami waɗansu samari huɗu a birnin Babila.

SAMARI HUƊU A BAƘUWAR ƘASA

Wajen shekara ta 605 kafin haihuwar Kristi, Nebukadnesar sarkin Babila ya kawo wa Urushalima yaƙi, a zamanin Yehoyakim sarkin Yahuza. Ya kwashi waɗansu kayayyakin Haikali, ya kuma sa aka zaɓo samari daga gidan sarauta da gidajen manya, masu kyan gani, masu kaifin hankali, aka tafi da su. Babila tana bakin Kogin Yufiretis, a ƙasar da muke kira Iraki a yau, kangonta yana nan kudu da Bagadaza. Masu tonon kayan tarihi sun haƙo tubala da yawa a wurin, an buga sunan Nebukadnesar a jikinsu. Sarkin nan yana son duk wanda ya dubi bango ya san mai shi. Abin da ya yi wa tubali, shi ya so ya yi wa samarin nan.

Ga dabarar da ya bi. Ya sa su a makaranta shekara 3, su koyi harshe da karatun Kaldiyawa. Ya yanka musu abinci da ruwan inabi daga teburinsa kowace rana. Sarkin fada kuma ya sāke musu suna. Daniyel, wanda ma'anar sunansa ita ce Allah ne alƙalina, aka kira shi Belteshazzar. Hananiya ya zama Shadrak, Mishayel ya zama Meshak, Azariya ya zama Abednego. Kowane sunansu na fari yana ɗauke da sunan Allah na Isra'ila, sababbin kuwa sun karkata ga gumakan Babila. Ku lura, ba a ɗaure su ba, ba a yi musu bulala ba. An yi musu gata ne. Sau da yawa haka duniya take kama mai bi, da kwanon abinci mai daɗi, ba tare da ta zare takobi ba.

ABIN DA SUKA KARƁA, DA ABIN DA SUKA ƘI

Abu na fari da nake so mu gani shi ne, Daniyel bai ƙi kome da kome ba. Ya shiga makarantar, ya yi karatu har ya fi kowa. Ya koyi harshen. Aka kira shi da sabon suna, bai tsaya faɗa a kan wannan ba, gama ya san ko shi wane ne a gaban Allah. Daga baya ya yi aikin gwamnati a ƙarƙashin sarakunan da ba su san Allahnsa ba, ya kuma yi shi da aminci. Annabi Irmiya ma, a sura 29, ya rubuta wa waɗanda aka kai bauta cewa su gina gidaje, su yi lambuna, su yi aure, su nemi zaman lafiyar birnin, su yi addu'a dominsa.

Ina faɗin wannan domin akwai waɗansu a cikinmu da suke tsammani tsayawa cikin bangaskiya shi ne ɗaure fuska. Ba ya gaida maƙwabci, ba ya zuwa gaisuwar mutuwa ko barkar haihuwa in gidan ba na masu bi ba ne, yana raina abincin gargajiya da tufafin gargajiya da harshen iyayensa. Wannan girman kai ne, 'yan'uwa. Girmama dattawa, karɓar baƙo, kunya, gayyar noma, zumunci, duk kyawawan al'adu ne da muka gāda, Maganar Allah kuwa tana ƙarfafa su. Mai bi ya kamata ya fi kowa riƙe su.

Amma da aka zo kan abincin sarki, aya ta 8 ta nuna mana Daniyel ya riga ya ƙudura a zuciyarsa ba zai ƙazantar da kansa ba. Shari'ar Musa, cikin Littafin Firistoci sura 11, ta hana Isra'ilawa cin waɗansu irin nama. A Babila kuma akan ajiye abinci a gaban gumaka. Bayan wannan, mun san abin da ake faɗi, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Wanda ya saba da cin teburin sarki kullum, ranar da sarki zai ce ya durƙusa, bakinsa zai yi nauyin cewa a'a. Daniyel ya ga inda hanyar ta nufa tun daga bakin ƙofa.

Abu na biyu shi ne yadda ya ƙi. Bai kifar da kwano ba, bai zagi kowa ba. Ya roƙa da ladabi. Sarkin fada ya ce yana tsoro, gama in sarki ya ga sun rame, kansa ne zai tafi. Daniyel bai yi wasa da tsoron mutumin ba. Ya je wurin mai lura da su ya ce a gwada su kwana 10 da ganyaye da ruwa kawai, sa'an nan a dube su. Da kwanakin suka cika, aka ga sun fi sauran ƙoshin lafiya. Mai bi yana iya cewa a'a da murya mai taushi, a'ar kuwa ta zauna daram.

BA A FAFE GORA RAN TAFIYA

Abu na uku shi ne babba. Me ya sa Littafi Mai Tsarki ya fara labarin da zancen abinci? Domin abin da ya faru a sura 3 da sura 6 a nan ya samo tushe.

A sura 3, Nebukadnesar ya kafa gunkin zinariya a filin Dura, tsayinsa kamu 60, faɗinsa kamu 6. Aka yi shela cewa da an ji busa da kaɗe-kaɗe kowa ya faɗi ya yi sujada, wanda ya ƙi a jefa shi cikin tanderu. Ku dubi filin nan da idon zuciya. Hakimai da alƙalai da ma'ajiya duk sun kifa goshi a ƙasa, mutum uku kaɗai suna tsaye. Da aka kawo su gaban sarki, suka ce Allahnsu yana da ikon cetonsu, amma ko bai cece su ba, sarki ya sani ba za su yi wa gunkin sujada ba. Aka ƙara zafin wutar har sau 7, aka jefa su, Allah kuwa ya fitar da su ko ƙaurin wuta babu a jikinsu. Amma ku tuna, lokacin da suka ba da amsa ba su san yadda abin zai ƙare ba.

A sura 6, mulki ya riga ya sāke hannu. Babila ta faɗi a shekara ta 539 kafin haihuwar Kristi, wato fiye da shekara 60 bayan an kawo Daniyel. Yanzu tsoho ne. Abokan aikinsa suka bincike shi ciki da waje, suna neman inda ya ci amana ko ya yi sakaci, ba su samu ba. Sai suka sa aka kafa dokar hana roƙon kowane allah har kwana 30. Daniyel ya koma gida, ya durƙusa gaban tagar da ke duban Urushalima, sau 3 a rana, kamar yadda ya saba. Ku riƙe wannan kalma, ya saba. Bai fara addu'a a ranar da aka kafa doka ba.

Ba a fafe gora ran tafiya. Saurayin da ya iya cewa a'a a gaban kwanon nama, shi ne ya iya tsayawa a gaban tanderu, shi ne tsohon da ya kwana cikin ramin zakoki. Da yawa a cikinmu muna cewa, in tsanani ya zo zan mutu domin Yesu. To, madalla. Amma jiya da aka ce ka ƙara sifiri a kan rasit, me ka yi?

SAMARIN FADAR BUGANDA

Kada wani ya ce wannan labarin zamanin dā ne na wata nahiya. A ƙasarmu ta Afirka an yi irinsa. Masu wa'azin bishara sun isa masarautar Buganda, cikin Uganda ta yau, a 1877 da 1879. Samari da yawa masu hidima a fada suka ba da gaskiya. A 1884 Mwanga ya hau gadon sarauta. Ya ga yaran fadarsa, waɗanda dā ba sa musa masa kome, sun fara ƙin biya masa bukatarsa ta lalata, suna cewa akwai Sarkin da ya fi shi. Wani babban bafadensa, Yusufu Mukasa Balikuddembe, ya tsawata masa a kan kisan Bishop James Hannington, aka kashe shi a watan Nuwamba 1885. Ran 3 ga Yuni 1886 aka ƙone waɗansu da yawa da ransu a Namugongo, cikinsu har da shugabansu Charles Lwanga, da wani yaro Kizito mai shekara wajen 14. Tsakanin 1885 da 1887, waɗanda ake tunawa da sunayensu su 45 ne, 23 'yan Anglika, 22 'yan Katolika.

Waɗannan ba a fitar da su daga wuta ba. Allah na Shadrak shi ne Allahnsu, amma ya ga dama ya karɓe su ta wannan hanya. Sarki ya yi tsammani ya kashe bangaskiyar. Yau 3 ga Yuni ranar hutu ce a Uganda, jama'a masu ɗimbin yawa suna tafiya Namugongo kowace shekara, waɗansu da ƙafa daga nesa. A ƙasar nan kuma aka kashe Akbishop Janani Luwum a watan Fabrairu 1977, bayan ya faɗa wa gwamnatin Idi Amin gaskiya a kan kashe-kashen mutane.

NI MA NA CI

Masu sauraro, ba zan tsaya a nan kamar wanda bai taɓa faɗuwa ba. Kafin in shiga aikin bishara na yi aikin kula da sito a wata ma'aikata. Wata rana aka kawo siminti buhu 80, takarda kuwa ta ce 100. Maigidana ya ce, sa hannu, haka ake yi. Na duba hagu da dama, kowa yana aikinsa kamar ba abin da ya faru. Na sa hannu. Da yamma aka miƙo mini ambulan, na sa a aljihu, ran Lahadi har na fitar da zakka daga ciki. Karo na biyu bai yi mini wuya kamar na fari ba. Karo na uku ko tambayata ba a yi ba, ajiye takardar kawai aka yi a teburina.

Matata ce ta tsaya mini. Wata rana na kawo nama, ta dafa, ta ba yara, ita kuwa ta ci tuwonta da miyar kuka. Na tambaye ta dalili. Ta ce, Baban yara, albashinka na sani, wannan kuɗi ban san shi ba. Daren nan ban yi barci ba. Da safe na je na faɗa wa maigidana cikin ladabi cewa daga yau abin da na ƙirga shi zan rubuta. Ya yi dariya ya ce ko ni ne Fasto. Kafin wata 2 aka mai da ni wani ƙauye mai nisa inda ko ruwan kirki babu. Ba a ƙara mini girma ba har na bar aikin. Na daɗe ina biyan abin da na ci, kaɗan kaɗan. Ba zan ce muku Allah ya ba ni mota bayan wannan ba, gama bai ba ni ba. Abin da ya ba ni shi ne na iya durƙusawa in yi addu'a da 'ya'yana ba tare da zuciyata tana ƙarata ba.

INA ABINCIN SARKI A GABANKA?

Manzo Bulus ya gargaɗi masu bi na Roma su miƙa jikunansu ga Allah, kada su bar zamani ya sāke musu kama, sai dai Allah ya sabunta tunaninsu. Ka san abin buga bulo. Duk ƙasar da aka zuba a ciki, siffa ɗaya take fitowa da ita. Haka zamani yake so ya yi da mu. To, bari kowa ya bincika kansa.

'Yar'uwata mai sayar da hatsi, mudu nawa gare ki? Ɗaya na saye, ɗaya na sayarwa? Karanta Karin Magana 11:1 da Maimaitawar Shari'a 25:13 zuwa 16, ki ga yadda Allah yake duban ma'aunin algus.

Ɗalibi, da kai uba mai biyan kuɗi domin a ba ɗanka amsar jarrabawa, me kake koya masa? Takardar shaida zai samu, amma ka koya masa cewa gaskiya ta marasa wayo ce.

Kai da yaronka ba shi da lafiya, dangi sun taru suna cewa a kai shi wurin boka, a ɗaura masa laya, ai ba wanda zai sani. Na san zafin wannan, gama ba abin da yake girgiza bangaskiya kamar kukan ɗa. Kai shi asibiti, kira dattawan ikilisiya su yi addu'a kamar yadda Yakubu sura 5 ta koya, amma kada ka raba zuciyarka biyu.

Saurayi da budurwa, abokai suna muku dariya domin kun ce za ku jira aure. Wayar da ke hannunku tana nuna muku kowa yana yi. Ku tuna da yaran Namugongo.

Sa'ad da rikici ya tashi a gari, samarin unguwa suka ce a fita ramuwa, a ƙone gidan wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, domin kabilarsa ko addininsa, wannan ma gunkin Dura ne. Mai bi ba ya durƙusa masa, ko da 'yan'uwansa za su kira shi matsoraci. Ubangijinmu ya umarce mu mu ƙaunaci maƙiyanmu, bai kuwa janye umarnin ba.

Mu shugabannin ikilisiya kuma, kada mu tsame kanmu. In muka ba mai kuɗi kujerar gaba, muka yi shiru a kan inda ya samo dukiyarsa domin muna son rufin majami'a, mun zauna ke nan a teburin sarki. Abin kunya ne a ce akwai maƙwabtanmu da ba sa shiga majami'a, amma an fi amincewa da awonsu da alkawarinsu fiye da namu.

GA WANDA YA RIGA YA DURƘUSA

Watakila kana ji kana cewa, Fasto, ni na riga na ci, na riga na durƙusa. Saurara. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau 3 a bakin wuta, farkon wadda ta tsorata shi ma baranya ce. Amma Yesu ya neme shi a bakin teku bayan tashinsa daga matattu, ya komo da shi, kamar yadda Yohanna sura 21 ta nuna. Bitrus ɗin nan ne ya tsaya gaban majalisa a Ayyukan Manzanni sura 5, ya ce biyayya ga Allah ita ce gaba da biyayya ga mutane. Ƙarfin ba nasa ba ne, Ruhu Mai Tsarki ne ya ba shi. Ka tuba yau. In akwai abin mayarwa ka mayar, kamar yadda Zakka ya yi a Luka sura 19.

Ga shawara uku kafin mu rabu. Ka yanke shawara tun yanzu, a kan gwiwoyinka, abin da ba za ka yi ba ko nawa za a ba ka, kada ka bari sai takarda tana kan tebur. Ka nemi abokai masu tsoron Allah, gama Daniyel yana da uku, da matsala ta zo a sura 2 wurinsu ya je suka yi addu'a tare. Ka kuma riƙe karatun Maganar Allah da addu'a kowace rana, har su zama abin da ka saba.

Yesu da kansa an kai shi kan dutse mai tsawo aka nuna masa mulkokin duniya, aka ce ya durƙusa sau ɗaya kawai. Ya ƙi, ya bi hanyar gicciye domina da kai. Shi wanda ya yi nasara yana tare da mu cikin kowane tanderu.

Mu yi addu'a. Ya Ubangiji Allah na Daniyel, ka san inda kowannenmu yake tsaye yau. Ka gafarta mana inda muka bi taro muka bar ka. Ka ƙarfafa wanda gaskiya za ta sa ya rasa aiki ko ciniki ko abokai, ka biya bukatar gidansa. Ka ta'azantar da waɗanda suke shan tsanani saboda sunanka. Ka ba mu ladabi a baki da ƙarfi a zuciya, mu zama albarka ga garuruwan da ka ajiye mu. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.

Sai Allah ya sake haɗa mu. Ku zauna lafiya cikin alherinsa.